Yadda Ake Tattaki a Shimfiɗaɗɗiyar Ƙasa: Daji, Fadama da Bakin Kogi

Masu tambaya sun yi yawa, kuma tambayar kusan iri ɗaya ce: "Ina son in fara tattaki, amma ban da hawan dutse. Hanya mai sauƙi nake so, ta bakin kogi ko ta cikin daji. Me zan tanada, ta ina zan fara?" To ga amsar a wuri guda, daki-daki.

Sai dai kafin mu shiga, kalmar nan "mai sauƙi" ita ce ke jefa mutane cikin wahala. Wanda zai hau dutse tun daga gida yake jin tsoron dutsen, don haka yakan shirya. Mai bin kwari kuwa kallon kitse yake yi wa rogo. Ya ga ƙasa a shimfiɗe, sai ya zura takalmin da ya samu, ya ɗauki gora ɗaya, ya kama hanya. A irin wannan ƙasa ba hawa ke kayar da mutum ba. Ruwa ne, da ɓatan kai, da ƙurewar lokaci. A kan waɗannan ukun na gina duk matakan da ke tafe.

1. Zaɓi hanya daidai ƙafarka

Hanyoyin tattaki iri uku ne. Akwai ta zagaye, wadda za ta maido ka inda ka tashi ba tare da ka maimaita sawunka ba. Akwai ta je-ka-dawo, ka bi ta zuwa inda ka ga dama ka juyo. Akwai kuma wadda za ka shiga ta nan ka ɓulla ta can, sai ka nemi mota ko jirgin ƙasa ya dawo da kai. Ga sabon shiga, ta biyun ta fi. Ana raina ta wai babu sabon abin kallo a dawowa, alhali ita kaɗai ce ka san kowane taku na komawarka, tunda ka riga ka taka shi. A ta zagaye, kana iya cin kashi uku cikin huɗu sannan ka tarar ruwa ya tafi da gada.

A fitar farko kada ka wuce kilomita 6 zuwa 10. In ka dawo da sauran ƙarfi, ka ƙara biyu ko uku a ta gaba.

Ka nemi hanya mai alama, ka kuma koyi alamar tun kana gida, domin kowace ƙasa da tata. A Faransa, dogayen hanyoyin da ake kira GR suna da zane biyu, fari a sama ja a ƙasa, a jikin itace ko dutse. In ka ga zanen sun gitta juna, ana ce maka ba nan ba ne. A Ingila, kibiya rawaya hanyar masu ƙafa ce, shuɗiya kuma har da mahaya doki da keke. Masu tattakin ziyara zuwa birnin Santiyago a Sifen su ma kibiya rawaya suke bi. Wanda yake son misalin irin tafiyar da muke magana a kai, ya duba hanyar da ke bin kogin Thames tun daga mafarinsa har cikin Landan, wadda aka buɗe a 1996. Kusan kilomita 300 ce, babu wani hawa na a zo a gani, amma lokacin sanyi ambaliya kan shafe wasu sassanta.

Gargaɗi: ganin hanya a taswira ba izinin bin ta ba ne. A Suwidin da Norwe doka ta ba kowa damar ratsa yawancin dazuzzuka da filaye, Sikotland ma ta kafa irin wannan doka a 2003. A Ingila kuwa, a yawancin gonaki sai ka tsaya kan hanyar da doka ta ware. Wasu gandayen daji sai da takarda, wasu sai da ɗan jagora. Ka bincika dokar wurin da za ka.

2. Karanta taswirar kamar mai neman ruwa

Taswira mai ma'aunin 1:25,000 ita ce ta mai ƙafa: kowane santimita 4 a takarda kilomita ɗaya ne a ƙasa. Mai 1:50,000 ma tana yi, santimita 2 kilomita ɗaya, sai dai ba ta cika nuna shinge da ƙananan turbobi ba.

Da ka shimfiɗa ta, kada idonka ya fara da layin hanyar. Fara da shuɗin launi. Bi hanyar da yatsa, duk inda ta haɗu da ƙorama ko rafi ka tsaya ka tambayi kanka: gada ce a nan ko mashigi? In mashigi ne, ina gada mafi kusa, kuma kilomita nawa za ta ƙara mini? Ka sa alama a kan kowace gada. Su ne ƙofofinka.

Sannan ka duba siraran layukan nan masu lanƙwasa da ke nuna tsayin ƙasa. Inda suka matsu da juna, gangare ne. Inda suka yi nisa da juna ƙwarai, ko suka ɓace gaba ɗaya a gefen kogi, to fadama ce, kuma ruwa ba ya da inda zai gudu sai ya kwanta. Sabon shiga yana ganin wannan farin fili a takarda sai ya yi murna, wai nan zai yi sauri. Nan ne zai bar takalminsa a laka. Inda layukan suka ratsa rafi sukan karye kamar bakin kibiya, kuma tsinin yana nuna wajen da ruwan ke fitowa. Da wannan za ka san ina ne sama, ina ne ƙasa, ko da taswirar ba ta faɗa ba.

Abu na ƙarshe, ka nemo wani dogon abu da ba za a iya tsallake shi ba tare da an gan shi ba: titin mota, layin dogo, layin manyan turakun lantarki, ko kogin kansa. Ka riƙe a kai cewa, misali, "titi yana kudu da dajin nan." Za mu dawo kan amfaninsa.

Waya ma tana aiki. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps suna ba ka damar sauke taswirar yanki ka yi amfani da ita babu intanet, kuma GPS ba ya bukatar sabis. Ka sauke tun kana gida, ka sa wayar a yanayin jirgin sama a kan hanya don batir ya daɗe. Amma ka riƙe ta takarda a cikin leda, da kamfas. Waya takan faɗa ruwa, takarda ba ta mutuwa.

3. Yi lissafin lokaci, ka yanke sa'ar juyawa

Wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya kafa wata ƙa'ida a 1892 da har yau ake aiki da ita: sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowane hawa na mita 600. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ɓangaren hawan kusan ba ya shigowa, shi ya sa mutane ke ɗaukar kilomita 5 ɗin tsurarsa su yi lissafi da shi. Kuskure ne. Naismith ƙaƙƙarfan matafiyi ne, kuma bai sa hutu a ciki ba.

Ni da kilomita 4 nake lissafi a busasshiyar hanya, 3 in akwai yara ko dattawa, 2 a laka ko yashi ko doguwar ciyawa. A kan kowace sa'a ina ƙara minti 10 na hutu, da rabin sa'a na cin abinci. Kilomita 12 ke nan ya tashi kimanin sa'a huɗu, ba biyu da rabi ba.

Na taɓa shiga wata fadama bayan an kwana biyu ana ruwa. A taswira kilomita 2 ce rak. Sa'a ɗaya da rabi na yi ina cire ƙafa ina mayarwa, na fito magariba ta kawo jiki, da sauran daji a gabana. Tun daga ranar ba na fita sai na yanke sa'ar juyawa: lokacin da, ko na kai inda na nufa ko ban kai ba, zan juyo. Ka duba lokacin faɗuwar rana, ka cire tsawon dawowarka, ka sake cire sa'a ɗaya cur. Abin da ya rage shi ne sa'arka. Kuma a cikin kurmi duhu yana riga faɗuwar rana sauka.

In kana fili kana son ka kimanta sauran rana, miƙa hannu sosai ka jera yatsu tsakanin rana da inda sama ta haɗu da ƙasa. Kowane yatsa kamar minti 15 ne. Kimantawa ce kawai, amma takan sa mutum ya ɗaga ƙafa.

4. Duba yanayi, har da na jiya

Kowa yana duba ko za a yi ruwa yau. Mai bin kogi yana duba ruwan da aka yi kwana biyu ko uku da suka wuce, kuma ba a inda zai je kaɗai ba, har can sama inda kogin ya fito. Ana iya yin rana tarwai a kanka, kogi yana ta cika da ruwan da ya sauka a nisan kilomita 100. Ƙasashe da yawa suna wallafa tsayin ruwan koguna da gargaɗin ambaliya, ka nema.

Gargaɗi: in akwai madatsar ruwa a sama da hanyarka, ana iya sakin ruwa a kowane lokaci. Mashigin da ka ratsa da hantsi ruwa iya idon sawu, kana iya dawowa da la'asar ka same shi iya ƙugu. Kada ka tsara tafiyar da dawowarta ta dogara da irin wannan mashigi.

5. Takalmi, safa da tufafi

Nan ne kuɗinka ya kamata su tafi. In kaɗan gare ka, ka zuba mafi yawansu a takalmi da safa, abin da ya saura a rigar ruwa, sauran kayan ka ara ko ka yi da na gida. Jaka mai tsada da sandunan zamani duk suna iya jira.

Ba ka bukatar ƙaton takalmin hawan dutse mai nauyi. Abin nema shi ne tafin da ke da zurfin zane don ya kama laka, da wurin yatsu mai sarari. Ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka yi tafiya da ita, ka bar tazarar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin. Kan wanda ba ya shan ruwa, ra'ayi ya rabu. Yana da kyau ga raɓar safiya da caɓi, amma da ruwa ya shiga ta sama, to ya zauna ke nan. A wuri mai zafi ni na fi son mara nauyi mai saurin bushewa.

Gargaɗi: ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon takalmi sai ka yi mako ɗaya ko biyu kana yawo da shi kafin ka kai shi daji.

Safa ta ulu ko ta zaren roba, ban da auduga. Auduga tana riƙe gumi, jiƙaƙƙiyar fata kuma ita gogayya ke saurin tayar wa bororo. Ka ɗauki ta canji a leda. Da ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi, tsaya nan take ka manna filasta. Mutane sukan ce "bari mu kai inuwar can," kafin a kai inuwar fata ta tashi.

Dogon wando da riga mai dogon hannu, masu haske, saboda ƙaya da ƙwari, kuma don ka ga kaska in ta hau. Wandon jins in ya jiƙe sai ya zama kaya. Hula mai faɗin baki. A ƙasar sanyi ka sa tufafi hawa-hawa, yadda za ka cire ɗaya in ka ɗumama.

6. Haɗa jaka

Jakar goyo mai cin lita 20 zuwa 25 ta isa tafiyar yini, kuma nauyinta kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinka. Ka shimfiɗa babbar leda a cikinta kafin ka zuba kaya. Abin da za ta ɗauka: ruwa, abinci mara nauyi da ba ya lalacewa har da ɗan ƙari na ko-ta-kwana, taswira da kamfas, tocila ko da da rana za ka dawo, usur, fawa bank, rigar ruwa, filasta da bandeji da hantsaki, maganin da kake sha kullum, man korar ƙwari, da ledar shara. Mai nauyi ya zauna kusa da bayanka, abin da za ka riƙa nema ya zauna a sama.

Ruwa kuwa, ka yi lissafin rabin lita a kowace sa'a, ka ƙara in ana zafi.

Gargaɗi: kada ka rage ruwa don hanyar tana bin kogi. Kogin kwari ya riga ya ratso garuruwa da gonaki da garken dabbobi kafin ya iso gare ka. Tafasa ruwa na minti ɗaya yana kashe ƙwayoyin cuta, ƙwayar kulorin ma tana yi in an ba ta kimanin rabin sa'a, amma babu ɗayansu da ke cire maganin feshi ko dattin masana'anta. Ruwan kogi na ranar tilas ne.

Kafin ka rufe lissafi, ka tuna da kuɗaɗen da ba a gani: na mota zuwa da dawowa, na ajiye mota, na shiga gandu, na ɗan jagora ko kwale-kwalen fito in akwai. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan, domin ba ko'ina kati ke aiki ba.

7. Bar labari a gida

Ka rubuta wa mutum ɗaya sunan hanyar, inda za ka shiga, inda za ka fita, da sa'ar da in bai ji daga gare ka ba zai nemi taimako. Ka ajiye lambar gaggawa ta ƙasar: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada. In ka sauya hanya, ka sanar da shi. Fitar farko kuma kada ka yi ta kai kaɗai.

8. A kan hanya, da abin yi in ka ɓace

Ka fita da sassafe. Minti 15 na farko ka tafi a hankali, sannan ka tsaya ka gyara igiyar takalmi da ta jaka. Saurin da ya dace shi ne wanda za ka iya hira kana yinsa. In kuna da yawa, mafi rauni ya shiga gaba, kuma a kowace mararraba a jira na baya.

A kowace mararraba ka yi abu biyu: ka duba taswira, ka kuma waiwaya ka ga yadda wurin yake ta baya, domin haka za ka gan shi a dawowa. In ka yi minti 10 ba ka ga alama ba a hanyar da alamunta ke kusa-kusa, ka koma ga ta ƙarshe da ka gani. Kada ka ce gaba za ta fito.

Dajin da ke shimfiɗe ya fi dutse ɓatar da mutum, saboda babu wani tsauni da za ka ɗaga kai ka gani. Itace kamar itace, turbar masu yankan katako kamar taka. A wani bincike da aka wallafa a 2009, masu bincike na cibiyar Max Planck a Jamus sun saki mutane a wani daji suka ce su miƙe sak. Waɗanda suka yi tafiyar ranar da gajimare ya rufe rana sun riƙa zagaye suna dawowa kan sawunsu, suna kuma ganin miƙewa suke yi. Don haka in zuciyarka ta ce "nan ne" kamfas ya ce "can ne," bi kamfas.

In ka tabbata ka ɓace, ka tsaya, ka zauna, ka sha ruwa. Tsoro ne ke sa mutum gudu, gudu kuma ke mai da ƙaramin ɓata babba. Duba waya ko GPS zai nuna inda kake. In bai nuna ba, ka tuna dogon abin nan da ka riƙe a mataki na biyu, ka saita kamfas wajensa, ka zaɓi itace ɗaya a gabanka a kan layin, ka je gare shi, ka sake zaɓar wani. Shawarar da ake yawan bayarwa ta "bi rafi zai kai ka gari" ba ta cika aiki a kwari ba, domin rafi kan kai mutum cikin fadama da sarƙaƙiya. In dare ya yi ko wani ya ji rauni, ku zauna wuri ɗaya a kan tudu, ku kira lambar gaggawa, ku riƙa busa usur: sau uku a jere, ko sau shida cikin minti ɗaya kamar yadda ake yi a Birtaniya da yankin duwatsun Alps.

9. Bakin kogi da ƙetare ruwa

Ka fara da sanin halin kogi a inda ya yi kwana. Ta wajen lanƙwasar ruwa ya fi zurfi da gudu, yana kuma cin gaɓa ta ƙarƙashi. Ciyawar da kake gani a sama wani lokaci babu komai a ƙasanta. Kada ka tsaya a bakin irin wannan gaɓa don ɗaukar hoto, ka ja baya taku uku. Ta cikin lanƙwasar kuwa nan yashi da laka ke taruwa, ka soka sanda kafin ka taka.

Ƙa'idar farko ta ƙetarewa ita ce ka nemi gada, ko da za ta ƙara maka sa'a guda. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Santimita 15 ko tsawon tafin hannu har da yatsu bai kai ba.

In babu gada kuma dole ne, ga yadda ake yi. Ka nemi inda kogin ya miƙe ya yi faɗi, domin inda ya tsuke nan ƙarfinsa yake. Ka jefa ƙaramin ice ka bi shi da tafiya a gaɓa, in ya fi ka sauri, ka haƙura. In ruwan ya yi ja, ko yana ɗauke da rassa, ko ba ka ganin ƙasansa, ko zai wuce gwiwarka, ka haƙura. Ka duba ƙasa da mashigin: in akwai itacen da ya faɗi cikin ruwa, ka canza wuri, saboda ruwa yana wucewa ta cikin rassa amma mutum maƙalewa yake yi.

Kada ka shiga ƙafa ba takalmi. Cire safa, ka mayar da takalmin. Kwance igiyoyin jaka na ƙugu da na ƙirji, yadda za ka iya yar da ita in ka faɗi. Ka fuskanci inda ruwan ke fitowa, ka kafa sanda a gabanka, ka riƙa matsawa gefe-gefe, abu ɗaya kawai ke motsi a lokaci guda, ko ƙafa ko sanda. Kada ƙafafunka su gitta juna, kada kuma ka zuba wa ruwan ido, yana sa jiri. Ka kalli gaɓar da kake nufa. Kada a ɗaura wa kowa igiya a ƙugu. In ruwa ya ɗauke ka, ka saki jaka, ka kwanta rigingine ƙafafu suna gaba, ka riƙa turawa zuwa gaɓa.

Gargaɗi: a sassa da yawa na Afirka, da wasu na Asiya, Gabas ta Tsakiya da Kudancin Amurka, ruwan da ke kwance ko mai tafiya a hankali yana ɗauke da tsargiya. Ƙwayar tana fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata, ba sai an sha ba. A manyan kogunan ƙasashe masu zafi kuma akwai kada, a na Afirka har da dorina. Mutanen da ke zaune a bakin ruwan sun fi kowace taswira sanin inda ake shiga da inda ba a shiga. Matambayi ba ya ɓata.

10. Gonaki, dabbobi da ƙwari

In hanya ta ratsa gona, ka tsaya kanta, kada ka taka shuka. Ƙofar shinge ka bar ta yadda ka same ta. Shanu masu 'yan maruƙa ka zagaye su daga nesa, a natse, kada ka shiga tsakanin uwa da ɗa. In kana da kare kuma suka taso muku, ka saki igiyarsa, domin shi ya fi ka iya gudu.

Kaska tana jira a doguwar ciyawa da gefen daji. Cusa ƙafar wando cikin safa, ka shafa man korar ƙwari mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. In ta kama ka, ka sa hantsaki ka riƙe ta dab da fata, ka ja sama a hankali ba tare da murɗawa ba, ka wanke wurin. Kada ka ƙona ta, kada ka shafa mata mai. A Turai da Arewacin Amurka tana yaɗa cutar Lyme, kuma yawanci sai ta wuce yini guda a manne kafin ta sa cutar, shi ya sa saurin cire ta ke da amfani. Sauro kuwa magariba ce lokacinsa a bakin ruwa, wani dalilin ke nan na fita kafin duhu.

Maciji ba ya neman ka. Kada ka zura hannu inda ba ka gani, kuma in za ka ƙetare kututture ka taka kansa tukuna ka duba bayansa. In ya sari wani, a cire zobe da agogo da duk abin da ke matse wurin, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wa tamau, ba a kuma ɓata lokaci wajen farautar macijin.

In bayan gida ya kama ka, ka yi nisa da ruwa kamar taku 70, ka tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, ka rufe. Shararka ta dawo tare da kai.

11. In hadari ya taso

A buɗaɗɗen fili kai ne abu mafi tsawo, kuma aradu tsawo take nema. Ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowane uku kimanin kilomita ɗaya ne. In ƙirgar ba ta kai 30 ba, ka nemi gini ko mota mai rufin ƙarfe. Ka bar bakin ruwa, ka nisanci shingen waya, kada ka fake ƙarƙashin itacen da ke tsaye shi kaɗai. In babu mafaka, cikin daji inda itatuwa suke gajeru kuma kai ɗaya ya fi fili. Ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Iska mai ƙarfi kuma tana karyo busassun rassa, don haka ka ɗaga kai kafin ka zaɓi wurin zama.

12. Bayan ka dawo

Ka fara da sanar da wanda ka bar wa labari, kada ya tayar da jama'a a banza. Sannan ka yi wanka ka binciki jikinka: bayan gwiwa, hammata, matsematsi, cibiya, bayan kunne da cikin gashi. Yara a duba musu. In cikin makonni masu zuwa zazzaɓi ya zo, ko wani jan tabo ya fito yana faɗaɗa kamar zobe, ko ka ga jini a fitsari, ka je asibiti ka faɗa wa likita inda ka shiga da ranar.

Takalmi ka wanke lakarsa tun tana ɗanya, ka cire shimfiɗar ciki, ka cusa tsohuwar jarida, ka bar shi a inuwa mai iska. Kusa da wuta fatarsa tsagewa take yi, gam ɗin kuma ya saki.

Kafin ka kwanta, ka rubuta abu uku a bayan taswirar: kilomita nawa ka yi, sa'a nawa suka ci, da ruwan da ya rage a gora. Da waɗannan alƙaluman za ka yi lissafin mataki na uku a fita ta gaba, ba da na Naismith ba.